Yadda Na Sauke Surukina Daga Muƙamin Janar

Ni na naɗa surukina Janar, ni kuma na sauke shi, kuma a shekara taran da ke tsakani bawan Allah bai taɓa sanin yana riƙe da muƙamin ba. Shi dai abin da ya sani, shi mai gadi ne. Shekara goma sha tara ya yi a ƙofar wata kasuwar 'yan sarin tufafi a bayan Shisanhang, cikin unguwar Liwan a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, yana ɗaga ƙarfe motar kaya ta shiga, ya sauke, ya sake ɗagawa ta fita, har gwiwoyinsa suka gaza ya ajiye aiki. Musulmi ne daga can arewa maso yammacin ƙasar, cikin mutanen nan masu farar hula da taliyar da ake ja da hannu. 'Yarsa ce ke rubuta takardun kaya a ofishin da nake loda kwantenata zuwa Kano, kuma tun ina zuwa don kaya har na koma ina zuwa ko ba ni da ƙyalle ɗaya na aikawa. Da na nemi aurenta, tambaya biyu ya yi min: ina salla, kuma ina cin yaji? Duka biyun na ci jarrabawa.

Ranar ɗaurin aure bai samu wanda zai canje shi a ƙofar kasuwa da wuri ba, sai ya taho kai tsaye daga bakin aiki cikin kakinsa. Wanda bai taɓa zuwa Guangzhou ba zai yi wuya ya gane. Mai gadi a nan ba irin namu ba ne mai tsohuwar rigar sanyi da tocila. Kaki ne shuɗi mai duhu, ya sha guga, da maɓallan ƙarfe masu ɗaukar ido, da igiya ruwan zinare ta sauko daga kafaɗa, da hula mai baki da tambari a goshi. Ga shi dogo, ga shi ba ya murmushi a hoto. Aka ɗauke mu, ni da babbar riga, amarya a tsakiya, shi a gefe ya ƙame. Na tura hoton gida.

Gwaggo ce ta fara kira. Ƙanwar mahaifinmu ce, ita ta riƙe mu tun rasuwar mahaifiyarmu, kuma har yau ita ce rediyon layinmu. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Ɗan nan, wannan surukin naka soja ne?"

Kalma ɗaya ce ta raba ni da zaman lafiya, in ce a'a. Sai na ji bakina ya ce, "Gwaggo, ai kin ga kafaɗarsa."

Na lallashi kaina cewa ban yi ƙarya ba, kafaɗa kawai na nuna. Amma da na je gida babbar Salla, na tarar majalisar ƙofar gidanmu ta riga ta ba shi Kyaftin. Wallahi na yi niyyar gyarawa. Da na buɗe baki sai na gyara ta sama, na ce wane irin Kyaftin, mutumin da ake sara wa? Shekarar da aka haifi 'yata ta biyu ya zama Kanar. Shekarar da na sauke kwantena biyu a wata ɗaya ya zama Janar, kuma wannan karin girman ba ni na yi ba, mai shayin bakin layi ne, ni dai ban musa ba.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin ƙwarai. Gwaggo ta sa aka faɗaɗa hoton, aka yi masa gilashi, ta rataye shi a falo sama da talabijin. Mutane suka riƙa cewa ai shi ya sa kayana ba sa kwana a tashar jirgin ruwa. Wani dattijo ya taɓa tako sanda har gida yana roƙon in yi wa jikansa hanya a makarantar sojan Sin, na yi gyaran murya na ce bana an rufe ɗauka. In zan aika tsaraba kuwa, mayafin Gwaggo ko dabino ko 'yar na'urar auna hawan jini, sai in ce a ce mata Janar na gaisuwa. Har wata waya mai kyau da na saya wa ƙanwata da kuɗina, da ta kammala karatu, cewa na yi Janar ne ya ce a ba ta.

Wannan ƙanwar tawa ita ce autarmu, na girme ta da shekara goma sha biyu, kuma duk hankalin da ya kamata a raba mana mu biyu ita aka ba. Kwamfuta ta karanta. Ta samu aiki a wata ma'aikatar gwamnati da ba zan faɗi sunanta ba, ta yi shekara huɗu tana zuwa kafin kowa tana tashi bayan kowa, sai aka zaɓe ta a kai ta wani sashe da ba a shiga sai an tantance mutum ciki da waje. Tun tana makaranta wannan sashen take mafarki. Gwaggo ta yi ta sadakar ƙosai saboda shi.

Ranar da ta kira ni ina cikin Shisanhang da la'asar, na durƙusa kan buhun wandunan yara ina jan ciniki da wata mai shago.

"Yaya, fom nake cikewa. An ce in rubuta duk ɗan'uwan da ke zaune a waje, da matarsa, da iyayen matarsa, da sana'arsu." Muryarta a sanyaye. "Baban Anti, Janar ɗin sojan ƙasa ne ko na ruwa?"

Dariya ta ƙwace min har na zauna a kan buhun. Mai shago ta zaci farashinta nake wa dariya, ta sauko da shi ba tare da na nema ba.

"Auta, mai gadi ne. Ƙofar kasuwa yake tsaro, kuma ya ma yi ritaya."

Sai na ji ta saki wata ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi! Yaya, kwana uku ban yi barcin kirki ba." Ta yi min bayani yadda ake wa ɗan aji ɗaya. Ba a hana mutum samun dangi a waje ba. Abin da ake dubawa shi ne su wane ne, ko suna kusa da gwamnatin can, ko wani zai iya bi ta kansu ya matse ka ka faɗi abin da bai kamata ba. Janar ɗin wata ƙasa a cikin dangi, in ji ta, ko ba a kore ka ba za a ajiye takardarka a ƙasan tari. Mai gadi kuwa ba ruwan kowa da shi. "Amma abin da ba sa yafewa," ta ce, "shi ne ɓoyewa."

Na kashe waya ina jin kaina wani gwarzo. A ganina kyauta na yi mata. Na sayi wandunan, na ƙara da dozin biyu da ban yi niyya ba, na fito ina yi wa masu turin kaya nihaw, sannunsu ke nan, ɗaya bayan ɗaya. Ko sau ɗaya bai faɗo min ba cewa akwai wadda ya kamata in kira a Kano.

Bayan mako uku wasu mutum biyu suka sauka a layinmu, da shadda mai kyau da 'yan littattafai a hannu, suna tambayar halin Auta da asalin gidansu. Sun faɗa wa Gwaggo daga wurin aikinta suke. Amma Gwaggo bincike iri ɗaya ta sani a duniya, na aure, kuma a binciken aure ba a rage gida, ɗaga shi ake yi. Ta shimfiɗa musu darduma, ta dama fura, ta ce yarinyar nan jikar malamai ce ta uwa ta uba. Sannan ta hau kujera da kanta, da ciwon ƙafarta, ta sauko da hoton, ta goge gilashin da bakin mayafi ta ɗora musu a cinya.

"Kun ga wannan? Surukin yayanta ne. Janar ne a ƙasar Sin, kuma yana ji da ita kamar shi ya haife ta. Wayar da ke hannunta ma shi ya aiko mata."

Da suka fito suka tambayi mai shayi, ya rantse. Suka tambayi mai unguwa, ya ce ai sanannen abu ne. Dattijon nan mai jika ya ƙara da cewa Janar ɗin har ɗaukar yara yake a makarantar soja, shi dai ya makara ne. Kowa ya koma gida ranar yana jin ya taimaki yarinya.

Auta ba ta taɓa ɗaga min murya ba sai ranar. "Yaya, an tsayar da fayil ɗina. Fom ya ce mai gadi, unguwa ta ce Janar. Ko ni na yi ƙarya, ko mutum goma sha ɗaya sun yi. Kuma wayar da nake shiga ofis da ita shekara huɗu, an rubuta cewa kyautar Janar ɗin Sin ce!" An ba ta kwana goma ta kawo hujja. In aka yanke cewa ɓoyewa ta yi, ba sashen kaɗai za ta rasa ba, aikin ma zai iya tafiya, kuma tabon zai bi ta duk inda ta nema. Ta yi kuka. Ni kuwa na tsaya a gefen titin Huanshi Lu motoci na wucewa, gumi na bin bayana.

Dole na faɗa wa matata. Tana jin Hausa sosai, ta kasuwa da ta kicin, ta koya a bakin matan 'yan kasuwarmu da kuma hirar waya da Auta. Na zaunar da ita, na yi fuskar ta'aziyya, na zayyane mata komai tun daga kafaɗa. Ta dube ni, ta dubi ƙasa, sai kafaɗunta suka fara rawa.

"Shi ya sa," ta ce da ƙyar, "shi ya sa da muka je Kano samarin layinku suke sara min? Ni na zaci haka kuke gaida baƙi!" Ta yi dariya har ta sulale daga kujera. Da ta farfaɗo ta share hawaye ta ce, "Lawban, kai za ka faɗa wa Baba. Ni fassara kawai zan yi." Lawban shi ne maigida a bakin 'yan kasuwar nan, kuma ba ta kira na haka sai za ta yi min tsiya.

Tun da ya ajiye aiki Baba yake zaune tare da mu, shi ke kai yara makaranta ya ɗauko su. Na bari sai da ya ci rabin kwanon taliyarsa ta rana sannan na fara. Sinancina na ciniki ne, ya iya nawa ne da rage min da babu, bai iya neman gafara ba, don haka ita ta riƙa juyawa. Ya saurara yana tauna. Da aka zo kan Janar ya ajiye tsinkayen cin abinci, ya yi tambaya ɗaya.

"Yana tambaya," in ji matata, "mai tauraro nawa?"

Na ce ba mu kai ga ƙidaya ba. Ya ce a ba shi uku. Ya miƙe, tsoho mai ciwon gwiwa, ya yi fareti daga tebur zuwa firij ya dawo, jikokinsa na bin sa a baya suna ihu. Ya ce daga yau ba mai miƙa masa kwalbar yaji sai ya sara. Ya ɗauki waya ya kira tsofaffin abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, ina jin dariyarsu tana fitowa ta cikin wayar. Sai da matata ta gaya masa abin da ke kan Auta ya nutsu. Ya san ta, sukan gaisa ta bidiyo, ita da nihaw ɗinta shi da sannunsa. Ya shiga ɗaki ya fito da takalminsa a hannu, ya ce mu tafi kasuwa yanzu.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin wahala mai daɗi irinsu ba. Mutane na yawo su tabbatar su wasu ne, mu muna yawo mu tabbatar Baba ba kowa ba ne. A ofishin kasuwar wata yarinya ta dubi kwamfuta ta ce meyo, wato babu, sunansa ya fita tun da ya yi ritaya. Baba ya jingina da kanta ya tambaye ta ko har yanzu mahaifinta na ajiye babur a inda aka hana. Ta yi ja, ta tashi ta shiga ciki, ta fito da wani tsohon fayil mai ƙura. Ga katin aikinsa, ga hotonsa yana da gashi baƙi, ga takardun da ya sa wa hannu shekara da shekaru, har da ta yabo ta shekarar da ya kashe wata gobara da ta tashi a ɗakin ajiya. Ban taɓa sanin wannan ba, duk shekarun nan muna cin abinci a tebur ɗaya.

Wani abokina ɗan Maraɗi, wanda ya ƙware a harkar takardu, ya karɓi ragamar. "Aboki, dosiye ba ya tafiya babu kashe," ya ce, yana nufin fayil ba ya tafiya babu hatimi. Ya kai mu wurin masu fassara, daga nan wurin masu buga hatimi, daga nan wurin masu tabbatar da hatimin. Duk inda muka shiga sai ya buɗe ƙofa ya ƙame ya ce, "Mon Janaral!" Baba kuma ya wuce yana ɗaga hannu kamar mai duba fareti. Na kai ga roƙonsu su bari, kada wani ya ɗauka a waya abin ya sake komawa Kano.

Dabarar bidiyo tawa ce, kuma ita kaɗai ce dabarata mai kyau a duk lamarin. Muka je ƙofar da ya tsare, na ce masu gadin da ke bakin aiki su jeru. Su shida suka fito, kowa da kaki shuɗi, da igiya ruwan zinare, da hula mai tambari, irin na hoton Gwaggo sak. Ɗaya na riƙe da kwanon shinkafa, ɗaya ya maƙale sigari a kunne. Motar kaya ta yi hon, ƙaraminsu ya ruga ya ɗaga ƙarfe, Baba ya daka masa tsawa cewa ba haka ake ɗagawa ba, ya ture shi ya nuna masa. Na ɗauka duka. Na tura wa Auta na rubuta, ga rundunar. Ta turo min dariya, ta farko a mako guda, sai na ji kamar an sauke min buhu daga ka.

Takardu suka isa. Aka ce saura abu ɗaya, jami'in da ke riƙe da fayil ɗin zai yi magana da mu ta bidiyo, ƙarfe goma na safe a can, biyar na yamma a nan. Muka share falo, aka tura yara maƙwabta. Saura minti biyar sai ga Baba ya fito daga ɗaki cikin kakin, ya sha guga, hula a ka. Matata ta saki ƙara ta kora shi ciki. Ya dawo da farar riga da farar hularsa yana ƙunƙuni cewa ba a girmama manya a gidan nan.

Jami'in dattijo ne mai gilashi, Bahaushe, mai magana a hankali, irin mutanen da ba ka sanin ko sun yarda da kai. Ya gaishe mu, ya gaida Baba da girmamawa. Ya tambaye ni shekarata nawa a nan, wace irin takardar zama nake da ita, ko ina hulɗa da wani ofishin gwamnati bayan na haraji da na biza, sau nawa muke magana da Auta, ko tana ba ni labarin aikinta. Na ce ranka ya daɗe, ko sunan mai gidanta na ofis ban sani ba. Ya yi tambaya kan wayar Auta. Na ɗaga masa rasit, da sunan shagon da ranar. Ya tambayi Baba ko ya taɓa aikin soja ko na 'yan sanda, ko wani nasa na yi. Baba ya ce ƙanensa na da shagon taliya, ɗan ƙanensa na tuƙa babbar mota, iyakar rundunar ke nan. Sai jami'in ya ce ko kakin na kusa? Baba ya dubi 'yarsa da wani irin kallon nasara, ya tashi ya ɗauko. Aka matso da hannun rigar gaban waya, wani a gefen jami'in ya karanta rubutun da ke jiki ya ce mai gadi ne aka rubuta. Na fara murmushi, a zatona an gama.

Jami'in ya cire gilashi ya goge. "Alhaji, takardu sun yi. Amma ni aikina ba tattara takardu ba ne kawai. Dole in rubuta dalilin da ya sa unguwa guda ta faɗi abu ɗaya, kuma duk sun ce daga bakinka suka ji. In ban samu dalilin da hankali zai ɗauka ba, zan rubuta cewa akwai abin da bai fito ba, kuma ka san inda wannan zai kai ƙanwarka. Me ya sa ka ce Janar ne?"

Na ce ranka ya daɗe, wasa ne ya yi nisa. Na ce ai ka san mutanenmu da ƙarin gishiri. Ya ci gaba da kallona, alƙalami a hannu bai taɓa takarda ba. Matata na gefena, ita ke juya wa Baba duk abin da aka faɗa, kuma ta tsaya tana jira ita ma.

"Kunya na ji," na ce. "Na bar gida na tsallaka duniya, kowa na cewa na zama wani. Na ji kunyar a ce duk tafiyar nan 'yar mai gadi na auro."

Alƙalamin ya fara tafiya. Na ji matata ta ja numfashi. Na so ta tsallake wannan, na ma taɓa gwiwarta, amma ba ta taɓa rage wa mahaifinta magana ba, ranar ma ba ta rage ba. Ta faɗa masa duka, muryarta ba ta rawa. Baba ya gyaɗa kai sau biyu. Ya ninke kakin a kan cinyarsa, hannu da hannu, yadda ake ninke kayan da za a ajiye, ya yi wa jami'in sallama ya shiga ɗaki.

Kwana shida muka yi muna jira, kuma gidan ya yi tsit. Ba fareti, ba sarawa. Baba na kai yara makaranta ya dawo, in na miƙa masa yaji ya ce shiye-shiye, wato na gode, kamar baƙo. Matata ba ta yi min faɗa ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Na haɗa kalmomin ban haƙuri da Sinanci, na yi ta maimaita su a jirgin ƙasa, da na tsaya gabansa na fara sai ya nuna min kwano ya ce in ci kada ya huce. Ban taɓa jin na ƙanƙanta irin na kwanakin nan ba.

Rana ta bakwai da la'asar ina ofishin lodi wayata ta yi ƙara. Ban ma ji sallamarta ba, ihu kawai na ji. "Yaya, an sa hannu! An sa hannu!" An tantance ta. An karɓi tsohuwar wayar an ce ta sayi wata a gida, in za ta zo wurinmu sai ta nemi izini a rubuce, kuma duk shekara za ta sabunta bayaninmu. Ban tsaya jin sauran ba. Na rungume ɗan Maraɗi, na rungume wani ɗan Ghana da ban sani ba, na fito Huanshi Lu da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Na sayi rabin tunkiya a wurin mahautan Musulmi, na sayi kankana biyu, na shiga tasi na ba direba labarin duka da Hausa, shi kuma yana ta cewa hawo, hawo, wato to, to.

Na tarar da Baba a baranda yana gyara wa ƙaramar 'yata kekenta. Na tsaya da nama a kafaɗa ina haki, na kira matata ta zo ta juya. Da ya ji, fuskarsa ta saki, ya ɗaga hannu biyu ya yi hamdala irin tasu, a hankali. Sai ya tambaya, wai shin wane irin aiki ne wannan da aka wahalar da mutane haka a kansa?

Na sake kiran Auta na sa ta a lasifika. Ta yi dariya ta ce ba ta da izinin faɗa. "Abin da kawai zan iya cewa, Yaya, ni zan riƙa duba wanda aka yarda ya shiga da wanda ba a yarda ba."

Matata ta juya masa. Baba ya ajiye sifana, ya goge hannunsa a tsumma, ya karɓi wayar daga hannuna ya riƙe ta kusa da baki. Ya yi magana mai ɗan tsawo, ba da ni yake ba, ko kallona bai yi ba.

"Ya ce ashe aikinku ɗaya," in ji matata. "Ya ce ki riƙa cin abinci kafin ki hau, don tsayuwar tana da tsawo. Ya ce manya za su zo su ce ba ki san ko su wane ne ba, ki ce kin sani, amma a nuna kati. Ya ce aiki ne mai kyau, shi ya yi shekara goma sha tara bai taɓa jin kunyarsa ba, ke ma kada ki ji."

Auta ta ce, "To, Baba. Na gode, Baba."

Ya miƙo min wayar, ya dubi naman da ke ɗiga a rigata, ya ce in kai kicin kafin ƙudaje su gan shi. Na kai.